Kwalbar Ƙarshe ta Man Kifi

Aikin farko da aka ba ni a gidan likita na Damagaram shi ne ɗura man kifi daga gwangwani zuwa kwalabe. Kwanakin baya na faɗa wa yaran da ke koyon aiki a farmasin ɗan ƙanena haka, suka kwashe da dariya, ɗaya ta ce, "Baba, duk karatun da aka ce ka yi, ɗurin mai aka sa ka?" Ban ga laifinta ba. Su a wajensu, in uwa ta zo da takarda an rubuta mata kalsiyom da bitamin D, hannu kawai za a miƙa a ciro kwali a kan kanta, a faɗi sau nawa za a sha, a kira na baya. Ba na cewa wannan ba aiki ba ne. Amma akwai lokacin da kantar ta kasance wayam, mutane kuma ba su fasa zuwa ba. Yaran nan ne suka ce in rubuta abin da na tuna. Zan rubuta, sai dai inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba, don shekaru sun ja.

Man nan daga hantar wani kifin teku ake tatsarsa, kuma a cikinsa bitamin D ɗinmu yake a wancan zamani. Ƙwaya ko ɗigo irin na yanzu, in akwai su a wani wuri, ba su iso mana ba. Yakan zo cikin manyan gwangwanaye a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, ta hanyar Kano, sau biyu a shekara in an yi dace. Zafi yana ɓata shi, haske yana ɓata shi, to ku dubi garin da aka kawo shi. Mukan binne gwangwanin har wuya cikin yashi mai laima a ƙuryar ɗakin ajiya, kowace safiya a yayyafa wa yashin ruwa. Kwalaben masu duhu ne. Sai an dafa su, an kife su sun bushe ƙamas, sannan a sa mazurari a zuba a hankali, a toshe. In ya taɓa riga, ƙarninsa ya zauna ke nan. Ran Lahadi a majami'a nakan lura benci ya yi mini faɗi, mutane sun matsa can gefe.

Kalsiyom kuwa gari ne fari. Muna da ƙaramin ma'auni mai faranti biyu, da duwatsun awo na tagulla, ƙananansu da hantsaki ake ɗauka. Kafin a fara awo sai an rufe taga, in ba haka ba iska ta kwashe rabi. Kowane awo a zuba shi a tsakiyar ƴar farar takarda, a naɗe gefe biyu, a karya kai da gindi, a cusa ɗaya cikin ɗaya yadda ko a aljihu aka sa ba zai zube ba. Wanda ya koya mini wannan naɗi Manjo Abdu ne, babban ma'aikacin jinya na wurin, dattijon da ya koyi aikin a soja. Ba ya da takardar lakwal, wato makarantar boko, ko ɗaya, ni kuwa na dawo daga makarantar koyon jinya da takarda mai hatimi. Mako uku ya sa ni ina naɗe yashi kafin ya bar ni na taɓa gari. Yakan ɗauki ƙunshina ya jefa sama, in ya faɗi ya buɗe, ya ce in sake. Shi ya raɗa mini Mushe Wataƙila, wato Malam Wataƙila a bakin masu Faransanci, don duk abin da ya tambaye ni da wannan kalma nake fara amsa. Sunana Iliya, amma har ya bar aiki ban ji ya kira ni da shi ba.

Waɗanda muke ba wa magungunan nan mata masu ciki ne da masu shayarwa, sai yaran da ƙashinsu ya ƙi ƙwari. Irin yaron nan ba ya da wuyar ganewa in an taɓa nuna maka. Tsintsiyar hannunsa ta kumbura, maɗigarsa ta daɗe ba ta rufe ba, in ka shafa haƙarƙarinsa ka ji ƙulli-ƙulli a jere. Sa'o'insa na gudu, shi yana zaune. In ya samu ya tsaya, ƙafafun su lanƙwashe kamar baka, ko gwiwoyi su haɗe. A makaranta an koya mana cewa da kalsiyom ake gina ƙashi, amma jiki ba ya iya ɗaukarsa daga abinci sai da bitamin D, kuma fata da kanta tana yin bitamin ɗin in rana ta taɓa ta. Aka ce cutar ta ƙasashen da ba sa ganin rana ce. Da na dawo gida na riƙa ganinta a nan, inda rana ba ta fashi, na rasa yadda zan haɗa biyun. Na tambayi Manjo, ya ce in duba daga wane gida suke zuwa. Na duba. Ƴaƴan manoman Zermu da Dakusa, masu yini a bakin gona, ba kasafai muke ganinsu da ita ba. Da yawa daga manyan gidajen unguwar Zango suke, masu katanga mai kauri da ɗaki cikin ɗaki. Na lura da haka, amma in faɗi gaskiya ban yi komai a kai ba. Akwai mai a gwangwani, ni kuwa aikina ɗurawa ne.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce wadda aka samu mulkin kai, ko wadda ta bi mata. A nan ma ba zan rantse ba. Kamiyo ya zo da kinin da auduga, babu mai, babu garin kalsiyom. Muka ce na gaba zai kawo. Na gaba ya zo, babu. Dalilin ban sani ba, don haka ba zan ɗora wa kowa ba. Lokotoron, wato likitan Turawa da ke zuwa duba mu, ya koma ƙasarsu, wanda zai maye gurbinsa bai iso ba. Garin kalsiyom ne ya fara ƙarewa. Man kuwa na yi ta rage awo, daga babban cokali zuwa ƙarami, har ranar da na kife gwangwanin ƙarshe a kan mazurari na bar shi ya tsiyaye, ya ba ni kwalba ɗaya da ƙyar. Na tura ta can bayan kanta.

A wannan makon aka kawo Rabi. Kakarta ce ta goyo ta, wata doguwar tsohuwa mai suna Iya Falmata, mahaifiyar Alhaji Lawali mai fataucin fata a Zango. Yarinyar ta wuce shekara biyu, ba ta taɓa tsayawa ba. An naɗe ta cikin zane uku, da hula, ana tsakiyar bazara. Da na warware ta, fatarta da haske kamar ta jaririn da aka haifa jiya, alamun da na lissafa kuma duk suna jikinta. Na ɗaga ta don ƙafafunta su taɓa tebur, ta naɗe su tana kuka. Iya ta ce ƴar wabi ce, biyu sun rasu kafin ita, shi ya sa tun da aka haife ta tana ƙuryar ɗakin uwarta, kada iska, kada rana, kada idon mutane.

Manjo ya daɗe yana taɓa ƙugun yarinyar. Ya ja ni gefe ya ce ba ƙafar ce ke damunsa ba, mai karkatacciyar ƙafa ma yana zuwa kasuwa. Ƙugun ne. In ƙashin ƙugun ƴa mace ya ƙafe a matse, ba wanda zai sani sai ranar da ta zo haihuwa, shi kuwa ya ga irin wannan rana ba sau ɗaya ba. Ya ce in ɗauko kwalbar nan da nake ɓoyo. Na ce wataƙila gobe a kawo wanda ya fi ta buƙata. Ya ce, "Wataƙila. Amma wannan ce a kan tebur." Na ɗauko. Na nuna wa Iya ƙaramin cokali, na ce ɗaya kowace safiya, a baki, ta haɗiye. Na maimaita sau uku. Na ƙara da cewa wataƙila in ana ɗan fitar da ita waje zai taimaka, ta dube ni kamar na ce a kai ta daji. Ta sinsina bakin kwalbar, ta yamutsa fuska, ta ce, "To, ɗana." Na ɗauka mun gama magana.

Saura kalsiyom. Ɓawon ƙwai shawarar Manjo ce, ya ce ya ga an yi a soja. Na ce babu shi a littafina. Ya ce, "Littafin naka yana da kamiyo? In yana da shi, aika shi Kano." Na kwana biyu ina juya maganar. Abin da na sani daga karatu shi ne ɓawon ƙwai kusan duk kalsiyom ne; abin da ban sani ba shi ne nawa cikin yaro zai ɗauka. Sai na yi abin da zan iya. Muka roƙi masu dafa abinci a gidajen bariki, unguwar Turawa, su daina zubar da ɓawo. Nakan wanke, in ɓare farar fatar da ke ciki, in dafa shi ya tafasa sosai, in shanya, in ɗan gasa a kasko ba tare da ya ƙone ba. Sannan in daka a turmin tangaran namu, in tankaɗe da ƙyalle mai laushi ninki huɗu, in sake dakan abin da ya rage. Sai na murza tsakanin yatsu ban ji tsaki ba nake yarda. Na sha da kaina mako guda cikin kunu kafin na ba kowa. Manjo ya ce ranar da na fara cara shi zai sanar da iyalina.

Ban da ɓawo, na zauna na rubuta abin da ke kasuwar garin wanda zai iya tsayawa a madadin garin kalsiyom da babu: nonon da Fulani ke shigowa da shi kowace safiya, busasshen cuku a daka a zuba a kunu, miyar kuka mai kauri ba tsululu ba, riɗi, da ƙananan busassun kifin da ake kawowa daga gabas, a daka su har da ƙaya. Ba ni da ma'aunin da zai gaya mini nawa ke cikin kowanne, sai in ce wa iyaye su haɗa duk wanda suka samu. A gidan Alhaji Lawali ba a rasa komai ba, amma Rabi kunun gero zalla take sha tun da aka yaye ta, don wani ya taɓa ce musu nono zai sa mata gudawa.

Da Iya Falmata ta dawo karɓar ƙunshin gari, Manjo ya so in miƙa mata kawai, tun da fari ne kamar na da, naɗin ma iri ɗaya. Na kasa. Na gaya mata ɓawon ƙwai ne. Ta ajiye ƙunshin a kan tebur, ta ce a gidansu ba a ba yaro ƙwai, sata yake koya masa. Na fara bayani da sunayen da na koyo a makaranta, ta kau da kai. Manjo ya ce, "Iya, ɓarawon a cikin ƙwan yake, mutanen bariki sun cinye shi tun da safe. Wannan bangon ɗakinsa ne kawai." Ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce Allah ya shirye shi, tsoho da shi. Ta ɗauki ƙunshin.

Aka yi kamar wata ɗaya da rabi ban ga yarinyar ba, hankalina ya ƙi kwanciya. Na nemi Alhaji Lawali a rumfarsa, na roƙi izinin ganinta a gida. Ba a saba baƙo namiji ya wuce zaure ba, amma ya ce ɓangaren tsohuwa dabam yake, ya shige gaba na bi shi. Da hantsi ne. Tun daga matakalar soro na ji ƙarnin. Da muka hau, ga Iya zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, ga Rabi tsirara a kan cinyarta, tana sheƙi tun daga ƙugu har tafin ƙafa, kyanwa biyu na zagaye su. Kwalbata na gefe, abin da ya rage bai fi yatsa biyu ba.

Na tambaya, a hankali, ko yarinyar tana sha. Iya ta ce ta ba ta ran farko ta amayar, kashegari ma haka, sai ta ga wannan ba hanya ba ce. Ta ce, "Ɗana, kai yaro ne. Ciwo na ƙafa, ka zuba mai a ciki? Wane mai ɗori ka taɓa gani ya shayar da mai karaya man shanu? Shafawa ake yi." Ta ce kuma mai ba ya shiga ƙashi a inuwa, sai rana ta narkar da shi, haka ta ga ana yi tun tana yarinya. Shi ya sa kowace safiya, da zarar rana ta hau katanga, take ɗauko ta daga ɗakin uwarta ta hau da ita soro, ta tuɓe ta, ta mulke ta, su zauna har jikin ya shanye. Garin ɓawo kuwa tana zubawa a kunu, da nono, da cuku, yadda na ce, don wannan abinci ne, abinci kuwa ciki yake zuwa.

Kwalbar ƙarshe a duk garin, iyakar sanina, ta ƙare a fata da tabarma. Ina tsaye ina wannan tunani, sai yarinyar ta zame daga cinyar kakarta, ta rarrafa zuwa ƴar katangar soro, ta kama, ta miƙe. Ƙafafun na rawa, a lanƙwashe suke har yanzu, amma ba ta naɗe su ba, ba ta yi kuka ba. Alhaji ya ce kwana shida ke nan tana yin haka. Na tsuguna na taɓa tsintsiyar hannunta. Wataƙila kumburin ya ragu, wataƙila idona ne ke son ganin haka. Fatarta dai ta yi duhu kamar ta sauran yara.

Na koma na gaya wa Manjo. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya natsu, ya ce to yanzu matsalar ita ce ranar da kwalbar za ta ƙare. Gaskiyarsa. Tsohuwa ba don rana take hawa soro ba, don mai take hawa. In man ya ƙare, Rabi ta koma ƙurya da zane uku. Ya ce abu mai sauƙi ne, man gyaɗa ya cika gari, a ɗura mata a kwalba mai duhu a ce sabo ya iso. Na ce ba zan iya ba. Ba don na fi shi tsoron Allah ba. Mutum ne mai gaskiya, kuma yarinyar yake dubawa. Amma ina ganin in mai ba da magani ya yi ƙarya sau ɗaya a kan abin da ke cikin kwalba, ranar da aka gane, duk kwalaben kantarsa sun zama abin zargi. Ya ce, "To, Mushe Wataƙila, je ka gaya mata gaskiya, ka dawo ka ba ni labari."

Na je. Na zauna a bakin tabarmarta na gaya mata duk yadda na fahimta: man nan na sha ne, ba na jin yana shiga ta fata, ya kuma ƙare, babu wani. Abin da nake zaton yana gyara jikarta rana ce, da nonon, da garin ɓawo. Na roƙe ta ta ci gaba da hawa soro ko da babu mai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "In rana magani ce, me ke kai manoma gidan likita?" Ta ce ita ba za ta shanya jikarta a soro kamar barkono babu dalili ba, maƙwabta su ce ta zare. In akwai mai za ta hau, in babu ba za ta hau ba. Na ce man shanu fa? Ta ce ta shafa mata man shanu tun tana jaririya, bai tsayar da ita ba. Mai ƙarnin nan take so.

A hanyar komawa na tuna da gwangwanayen da muka kife a bayan ɗakin ajiya. Ƙarnin da ya raba ni da mutane a majami'a bai bar su ba. Na ɗauko ɗaya, na zuba man gyaɗa, na girgiza, na bar shi ya kwana, na ɗura a kwalba. Ƙarni kamar na asali. Manjo ya ce ashe na dawo hanyarsa. Na ce da saura. Na kai mata da kaina, a gaban Alhaji na ce, "Iya, wannan man gyaɗa ne. Na ɗauraye gwangwanin man kifi da shi, ƙarnin ne kawai ya ɗauka. Babu magani a ciki, kada a sha. In za ki shafa, ki shafa da hantsi, kafin rana ta yi zafi ki sauko da ita." Ta cire toshiyar, ta sinsina, ta lumshe ido. Ta ce, "Kai ka ce babu magani a ciki. Ni hancina ya ce akwai." Ta sa a miƙo mata yarinyar.

Haka muka yi har damina ta wuce. Gwangwani huɗu na ɗauraye, kowace kwalba kuma sai na maimaita mata cewa man gyaɗa ne, ita kuma ta ce ta ji. Da kaka, wata safiya ina naɗin gari, Manjo ya ce in fito in ga baƙuwa. Rabi ce ke shigowa da ƙafarta, riƙe da gefen zanen kakarta, tana rangaji kamar agwagwa. Ƙafafun ba su miƙe sarai ba a lokacin, sai a hankali cikin shekara biyu ko uku. Da man kifi na gaske ya dawo, na sa aka riƙa ba ta ɗigo-ɗigo cikin kunu mai tsami, ba cokali guda a lokaci ɗaya ba. Da na yi wannan tunani tun farko, ƙila da ba ta amayar ba.

Ba zan ce muku na san abin da ya warkar da ita ba. Yara irinta wasu rana suka rasa, wasu kalsiyom suka rasa a abinci, wasu duka biyun, mu kuwa ba mu da abin duba jini da zai rarrabe. Akwai kuma yaran da na ba ɓawo da shawara iri ɗaya a shekarar, ba su samu sauƙi kamarta ba. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce tsoho ya ce a bar ƙwayar farmasi a koma dakan ɓawo. In maganin yana nan, likita ya rubuta, a sha shi. An auna shi, nawa ba a auna ba. Abin da nake so ku ɗauka ƙarami ne. Tun daga kan Rabi ban sake miƙa kwalba ko ƙunshi ba sai na tambayi inda yaron yake yini, da abin da ke cikin kwanonsa. In uwa ta dawo karɓar na biyu, nakan miƙa mata cokali in ce ta nuna mini yadda take ba shi. Layi zai yi tsawo, na baya za su yi gunaguni. Ku bar su su yi.

Manjo Abdu da Iya Falmata sun daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansu. Bayan shekaru ashirin da ɗoriya da wancan al'amari, wata mata ta zo da yaro a goye, an rubuta mata ƙwayar kalsiyom saboda shayarwa. Ban gane ta ba, ita ta gane ni. Ta ce ita ce Rabi ta gidan Alhaji Lawali, wannan ɗanta ne na uku, duk kuma lafiya ta haife su. Abin da Manjo ya ji tsoro bai faru ba. Na yi mata tambayata ta kullum, a ina yaron yake yini. Ta ce kowace safiya tana hawa soro da shi ta shafe shi da mai, yadda kakarta ta yi mata. Sai dai, ta ce, man yanzu ba ya da ƙarfi, ba ya ƙarni. Ko ina da sauran irin na da, wanda ya tsayar da ita?

Na buɗe baki zan fara bayani tun daga gwangwani. Sai na dubi ƙafafun yaron da ke lilo a bayanta, baƙaƙe, miƙaƙƙu, suna sheƙi. Na ce mata wancan ya ƙare, amma wanda take shafawa ya isa, ta sha ƙwayarta, kada dai ta fasa hawa soron. Ta ce, "Ka tabbata, Baba?" Na ce na tabbata. Ina jin a duk shekarun aikina wannan ne karo na farko da na amsa tambaya ban sa wataƙila a gaba ba.